Takalmin da Aka Auna da Tsinke

A gidanmu na Unguwar Shanu ba a jan yaro zuwa kasuwa don a saya masa takalmi. Tsinke ake aikawa. In Sallah ta matso, kakata, wadda ta haifi Baba, sai ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da tsintsiyar kwakwa, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ka taka ƙasa, ta zare tsinke guda ta kwantar da shi daga diddigenka zuwa kan babban yatsa, ta ƙara faɗin ɗan yatsanta saboda girma, ta karya. Kowane tsinke da kalar zaren da ake ɗaura masa don kada a rikice. Nawa ja ne. Baba ya zuba su a aljihun gaban riga ya fita, da yamma ya dawo da takalma a leda, kuma ban tuna ranar da wani ya ce nasa bai yi masa ba.

Ni ne ɗan fari, iyayena kuwa mutanen ƙasar Katsina ne da suka zo Kaduna da kunyarsu cif, ba su baro ko kaɗan a gida ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" nake, ko "yaron nan", in magana ta yi tsawo kuma sai ta aiko ƙanwata. Baba tela ne a Kawo. Tef ɗin awo yana rataye a wuyansa tun safe har la'asar, ya auna wuyan direba, ya auna cikin ɗan kwangila, amma bai taɓa ɗora shi a jikina ba. In za a yi mini ɗinki, amininsa na shagon kusa da nasa ne ke auna ni, wani mai fara'a mai Vespa ruwan toka da muke ce wa Baba Ƙarami. A cikin gida kuwa, duk abin da ya shafi taɓa jikina a hannun Kaka yake.

Shekarar da na gama sakandare Kaka ta yi mini awon ƙarshe. Ta kwantar da tsinken, ta ɗaga kai ta dube ni, ta karya shi daidai kan yatsa, ba ta ƙara komai ba. "Ƙahwa ta tsaya," in ji ta. "Mijin nawa ya zama mutum. Sai dai ni na hwasa, ban zama da mai ƙahwar agwagwa." Ba ta ga wata Sallar ba. Bayan rasuwarta Inna ta tattara 'yan komatsanta ta zuba a akwati, har da tsinken nan mai jan zare, ni kuwa na manta da shi sarai.

Ƙarshen shekarun tamanin ne, aiki ya yi wuyar samu. Masaƙun tsallaken kogi suna ta rage ma'aikata, takardar sakandare kuwa sai dai a naɗe maka ƙosai da ita. Abu ɗaya nake da shi, shi ne numfashi. Tun a makaranta in aka ce a zaga fili, kowa ya zube ni ina nan ina tafiya. Wani tsohon soja da ke zaune a Hayin Banki ya gan ni, ya ce in riƙa zuwa bayan sallar asuba. Koci muke ce masa. Mukan taru a Kawo mu kama hanyar Mando, ƙananan jiragen sojan sama na koyon tuƙi suna shawagi a kanmu, mu wuce har inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, sannan mu juyo. Shekara uku zuwa huɗu ina wannan, rani da damina.

Ban san ƙafar babba tana canzawa ba sai da ta faru a kaina. Kambas ɗin gwanjo da na fara da shi lamba arba'in da ɗaya ne. Ba a jima ba ya fara cizon ƙaramin yatsa, na sa reza na tsaga masa gefe. Na gaba na ɗauki arba'in da biyu, shi ma daga baya ya sha reza. Tafin ƙafata ya baje, ramin tsakiya ya sauko, yatsun suka rarrabu kowanne yana neman filinsa, kanta ta yi kauri a diddige. Koci ya ce ba ni kaɗai ba ne.

"A soja mun san wannan," in ji shi. "But ɗin da aka ba ka kana kurtu, ka sha maci da shi shekara biyu, da kanka za ka je neman musanya. Kuma ƙafar da ka fita da ita da safe ba ita kake dawowa da ita ba. Kumbura take yi a hanya."

Shi ya sa ba ya barin kowa cikinmu ya sayi takalmi sai bayan an dawo daga gudu. Ka sa, ka tsaya, ya danna babban yatsan hannunsa a hancin takalmin. In bai samu wuri ba ya ce ka mayar wa mai shi, ko da kuwa kyauta ne.

Baba ya tsani gudun nan kamar me. A wajensa mutum da hankalinsa, ba wanda ya biyo shi, ya sa gajeren wando ya hau titi, to ko dai ɓarawo ne ko kuma ya kusa zama abin tausayi. Abokan cinikinsa ma ba su taimaka ba. "Malam, yau ma mun ga ɗanka, har yanzu bai kamo abin da yake bi ba?" Baba ya ci gaba da taka keke, ya tara abin sai na dawo gida. A shagonsa akwai keken ɗinki na biyu, a rufe da tsohon zani, kuma kowa ya san wa yake jira.

Ana nan sai Koci ya zo da labari. Wata hukuma mai kaki za ta ɗauki 'yan gudu aiki. Za a yi tseren doguwar hanya daga filin wasa na cikin gari zuwa bayan Mando a dawo, 'yan kaɗan da suka fara shigowa a ba su kaki da albashi da ɗaki a bariki. Akwai iyakar shekaru, ni kuma ina bakin iyakar. Koci ya ce in ba ciwo ba, in ba tsautsayi ba, a cikin waɗanda ya sani babu mai shiga gabana. Na aika Baba Ƙarami ya yi wa Baba bayani, don ni ba na iya zama gabansa in ja magana. Amsar da ta dawo gajera ce. In aka ɗauke ni, to. In ba a ɗauke ni ba, in ninke gajeren wandon nan in zo in buɗe keke, kuma kada ya sake jin kalmar gudu a gidansa. Na amince da sauri, don a raina ban ga yadda za a yi in faɗi ba.

A shekarar ne Baba ya sayar da gonar gado, shi da Baba Ƙarami suka tafi Makka. Ranar da suka dawo gidanmu ba masaka tsinke. Ana ta rabon dabino da zamzam, wannan tasbaha, wancan hula, mata suna ta guɗa. Sai da mutane suka ragu ya jawo wani kwali daga ƙasan jaka ya tura wa Inna ba tare da ya dubi inda nake ba. Inna ta miƙa wa ƙanwata, ta ce, "A ba wancan."

Takalmin gudu ne. Fari tas, da ratsin shuɗi a gefe, ba nauyi ko kaɗan, irin wanda sai a hoton mujalla muke gani a ƙafar Turawa. Na riƙe shi ina jujjuya shi a hannu. Baba Ƙarami ne ya cika mini labarin a zaure. Ashe kafin su tashi Baba ya sa Inna ta buɗe akwatin Kaka ta ɗauko tsinkena. Bayan sun gama aikin Hajji, ana jiran jirgi a Jidda, ya ja shi shago bayan shago cikin ranar can, yana zura tsinken cikin takalma, ba Larabci ba Turanci, sai nuni da hannu yana kwaikwayon mai gudu, Larabawa suna ta dariya.

"Ubanka fa," in ji Baba Ƙarami, "da rawaninsa da komai, yana ɗaga gwiwa a tsakiyar kasuwa. Sai da ya samu wanda tsinken ya kwanta a ciki cif, ba ragi ba ƙari, sannan ya bar ni na sha ruwa."

Na shiga ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya yi shekaru yana kallon guduna kamar abin kunya, shi ne ya tuna da shi a ƙasa mai tsarki. Ban taɓa son Baba kamar a wannan yammacin ba. Na share ido, na zauna a bakin katifa, na zura ƙafa. Ta shiga da ƙyar. Babban yatsa ya tokare hanci, sauran suka hau juna, gefen ya kama ni kamar an ɗaure da igiya. Ga shi a zaune nake, ban yi ko taku ɗaya ba.

Na fara da Inna. Na same ta tana tankaɗe, na tsaya daga nesa yadda na saba. "Inna, takalmin ya ɗan matse ni." Ba ta ɗago ba. Ta ce wa ƙanwata, wadda ke zaune a gefenta, "Gaya mashi sabo ne. Kowane sabon takalmi haka yake, zai saki." A ranar ne kuma na gano tsohon kambas ɗina ba ya bayan ƙofa. Cikin murna Inna ta ba mai musayar roba, ya ba ta wata koriyar robar wanke-wanke. A ganinta abin kunya ne a ga tsumman takalmi mai tsage-tsage a gidan Alhaji, ga sabo fil daga Makka. Na daɗe ban iya kallon robar nan ba tare da raina ya ɓaci ba.

Sai na yi ta maza na je shagon Baba. Na durƙusa na gaishe shi, na yi godiya, na sake yin godiya, sannan na ce, "Baba, ina jin ƙafar tawa ta ƙaru. Ya yi mini kaɗan."

Ya tsayar da keke. "Mi ka ce?"

"Ƙafar ce ta ƙaru, saboda gudun."

"Shekara nawa ina awon mutane a garin nan? Ciki na ƙaruwa, wuya na ƙaruwa, ban taɓa jin ƙahwar babban mutum ta ƙaru ba. Uwata ta auna ka da hannunta. Ko ita ma ba ta iya ba?"

Tef ɗin yana nan a wuyansa yana lilo. Na ɗan turo ƙafata gaba daga inda nake durƙushe, ko zai dube ta. Sunkuyawa ɗaya ce, a gama magana. Ya kau da kai wajen titi, ya ce in tashi in ba mutane wuri.

Na uku na bi ta hanyar da ta dace, na je wajen Baba Ƙarami. Na ce ya roƙar mini izini in tsaga hancin takalmin kaɗan, yadda nake yi wa na gwanjo. Ya je, ya dawo fuska ba walwala. "Ɗana, kada ka sake ɗaga maganar nan. Ya ce takalmin da ya kwana a jaka ɗaya da haraminsa ne za ka sa wa reza? In ba ka so ka ce ba ka so. Ransa ya ɓaci sosai. Ka yi haƙuri, ka lallaɓa."

Na lallaɓa. Na cusa jiƙaƙƙiyar jarida na bar shi ya kwana. Na cika shi da masara na zuba ruwa don ta kumbura ta buɗa shi. Na cire shimfiɗar ciki, na daina sa safa, na yanke farce har sai da nama ya fito. Ya ɗan saki a faɗi, amma tsawo yana nan inda Bature ya yanka shi. In na yi gajeren gudu ina iya daurewa. In na kai Mando sai in ji kamar ana buga mini guduma a kan yatsu. Koci ya danna babban yatsansa a hanci, ya dube ni, ya yi tsaki mai tsawo.

Shi ya kawo dabara. Ba a yarda kowa ya tashi ba takalmi, kuma Baba ya riga ya faɗa a masallaci cewa zai tsaya a bakin titi a Kawo ya ga wucewar takalminsa. To, in tashi da shi, in daure har in wuce su. Gaba kaɗan, bayan kwanar da ta nufi Mando, akwai wani mai shayi. Koci zai jira ni a can da nasa tsohon kambas, lamba arba'in da uku, a kwance igiya. In zauna a benci in canza, abin ƙiftawar ido, ya ɓoye farin a jaka. A dawowa Baba ya riga ya koma kan kekensa, don bai taɓa barin shago ya daɗe a buɗe babu kowa ba. In na isa fili Koci ya miƙo mini farin in riƙe a hannu, kowa ya san mai gudu yana cire takalmi da ya gama. Ba a ɓata wa kowa ba. Na yi barci mai daɗi a kwanakin nan.

Ranar ta zo, ƙarshen damina, gari ya waye da rana mai zafi tun da wuri. Aka busa usur muka tashi. Har muka wuce Unguwar Kanawa ina cikin 'yan gaba, numfashina lafiya lau, yatsun suna ƙorafi amma ba su fara ihu ba. Daga nesa na hango taro a Kawo. Ga Baba a gaba da farar babbar riga, ga teloli, ga masu faci, ga direbobin tasha. Da na zo daidai su aka ɗauki sowa. Na kafa ido a gaba, na ce a raina saura kaɗan.

Sai na ji ƙarar Vespa a bayana.

Ban waiwaya ba sai da ta zo gefena. Baba Ƙarami ne ke tuƙi, Baba a baya, ya tattare riga a cinya, hannu ɗaya ya dafe hula. Dariya yake yi. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin haƙoran Baba na ciki ba sai ranar. Mutumin da ba ya kiran sunana, wanda ba ya tsayawa kusa da ni a taron biki, ga shi a kan titi kowa na gani, yana nuna ni da hannu. Baba Ƙarami kuwa sai ihu yake wa mutanen bakin hanya: "Ɗan Alhaji ne! Ku dubi ƙafarsa, takalmin Makka ne!"

Muka sha kwana. Ga teburin mai shayi, ga benci, ga Koci a tsaye da kambas a hannu. Ya ga Vespa, ya ga wanda ke kai. Idonmu ya haɗu. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce me zai hana ka tsaya. Ni na san abin da ya hana. In zauna a gaban ubana, a gaban amininsa da 'yan shayi, in tuɓe tsarabarsa ta Makka in sa tsumman wani, a ranar da ya ajiye kunyarsa ta shekara ashirin da wani abu ya hau titi saboda ni. Na wuce. Koci ya sauke hannu a hankali ya mayar da kambas ɗin bayansa.

Na yi ta addu'a su gaji su koma. Ba su koma ba. Har Mando suna gefena, har bayan Mando inda ake juyawa. Wani jami'i ya daka musu tsawa su ba 'yan gudu wuri, suka ɗan ja baya, suka sake matsowa.

A dawowa ne ƙafar ta yi abin da Koci ya ce tana yi. Ta kumbura ta cika takalmin, ta nemi wurin ƙari ta rasa. Duk taku sai farce ya daki hanci, a gangara kuwa abin ya fi muni. Na ji wani abu ya ɓalle a babban yatsan dama, ɗumi ya biyo baya, ƙafar ta fara santsi a ciki. Na koma taka gefen ƙafa, gwiwa ta ɗauki ciwo. Na lanƙwashe yatsu, sharaɓa ta ɗaure. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙirjina bai san ana yi ba. Numfashi yana nan cike, ƙarfi yana nan, da zan iya zuwa Zariya a ranar. Yatsu goma ne kawai suka tsaya mini a hanya.

Aka fara wuce ni. Na farko baƙo ne, ban damu ba. Sai wani ɗan ƙungiyarmu, wanda kullum nake bari a baya tun kafin Mando, ya zo ya wuce yana kallon ƙafata. Na duba ƙasa, farin ya koma ja daga hanci har wajen ratsin shuɗin. Baba bai gani ba, ko ya gani ya ɗauka jar ƙasa ce, ban sani ba. Dariyar dai ta tsaya. Na ji yana cewa Baba Ƙarami, "Gaya mashi ya ƙara mai mana, ana wuce shi." Da muka sake zuwa wajen mai shayi Koci yana nan, amma bai ko ɗaga kambas ɗin ba. Ya san ko na canza a lokacin an riga an gama.

Da na shiga fili an riga an ja igiya, an rufe ɗauka. Waɗanda aka ɗauka suna zaune a inuwar rumfa ana ba su lemo. Ɗan ƙungiyarmu yana cikinsu. Ba ni da komai a kansa, yaron kirki ne, amma ya yi aikinsa har ya yi ritaya, ya gina gida a Hayin Banki, kuma duk lokacin da na bi ta ƙofar gidan sai na ji ɗaci a bakina. Na tsufa ban daina ji ba.

Na ja jiki zuwa gindin wata darbejiya na zauna. Na kwance igiya, na ja, takalmin ya ƙi fita. Ƙafar ta cika shi, jinin ya fara bushewa ya manne. Koci bai iso ba tukuna. Baba ya sauko daga Vespa ya tsaya a kaina yana kallo ina fama. Can sai ya tattare riga ya tsuguna, ya laluba aljihu ya fito da reza, don tela ba ya rabuwa da ita. Ya kama diddigena ya ɗora a gwiwarsa. Wannan ne karo na farko da na san hannun ubana a jikina tun da na yi wayo.

Na ɗauka zai tsarge shi ne gaba ɗaya. Ina! Ya juya takalmin ya nemo inda ɗinkin gefe ya bi, ya fara farke shi zare bayan zare, a hankali, yadda yake farke rigar mutum in ya yi kuskure, don kada yadin ya lalace a kasa mayarwa. Ina zaune ina cije leɓe, zufa tana zuba, shi kuma yana tsince guntayen zare yana hurewa. Ya gama na dama ya koma na hagu, bai yi gaggawa ba ko kaɗan.

Da ya zare su ne ya gani. Faratan manyan yatsun biyu sun ɗaga, ɗaya yana lilo da 'yar fata, sauran sun yi baƙi, kan yatsun duk ya saluɓe. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki takalmin ya kara shi da tafin ƙafata, yatsuna suka leƙo gaba da shi. Mai awo ne, ba ya bukatar a yi masa bayani. Na jira. Ban san me nake jira ba, amma na jira.

Ya ce, "Mi ya hana ka hwaɗi?"

Baba Ƙarami ya juya ya kama duba tayar Vespa. Ni kuwa maganar ta taso mini har wuya: na faɗa wa Inna, na faɗa maka a shago tef yana wuyanka, na aiko amininka ka ce kada in sake. Na dubi furfurar da ke ƙasan hularsa, da jinina a farar rigarsa, na haɗiye.

"Ba komai, Baba. Allah bai nufa ba."

"Haka ne," in ji shi da sauri, kamar wanda aka miƙa wa ruwa. "Allah bai nuhwa ba."

Ya naɗe takalmin a jarida ya sa a hammata. Ya mayar da ɗinkin daga baya, ba mai cewa an taɓa farke shi, ya ba ɗan ƙanwarsa da ya zo daga ƙauye, ya yi masa cif, ya riƙa zuwa zance da shi. Ni kuma da farce ya fara tsirowa na je na yaye zanin da ke kan keke na biyu, kamar yadda aka yi alkawari.

Shekara da shekaru muka yi a shagon nan kafaɗa da kafaɗa, har Allah ya karɓi abinsa. Bai taɓa yi mini gori ba, ni ma ban taɓa ɗaga masa murya ba. Amma yana son ba da labarin ranar. In abokin ciniki ya zauna jiran a sa masa maɓalli, sai ya fara: yadda ya zaga Jidda, yadda ya bi ɗansa a Vespa har bayan Mando, yadda yaron ya riƙe gaba kamar zai tashi sama. In ya zo ƙarshe sai ya girgiza kai ya nuna ni da almakashi.

"Ashe takalmin ya matse shi. Zurhin ciki gare shi, wanga. Da ya hwaɗi, ai da an san yadda aka yi."

Mutumin ya juyo ya dube ni yana jiran in ce wani abu. Ni kuma in sunkuyar da kai in ƙara wa keke gudu, don kada a ji abin da nake faɗa a raina.